Kiyashi a Wuyan Rigar Habu

Har na bar aiki ban manta da ranar da aka kawo mini Habu ba. A lokacin ni ce ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibitin ƙauye wajen Kahu. Aikinmu awo, rigakafi da ƙananan cututtuka. Abin da ya fi ƙarfinmu mu tura Rano, su kuma su tura Kano.

Da hantsi wani dattijo, Malam Sale, ya shigo. Matar ɗansa, Dije, tana biye da shi da jaririnta Habu, ɗan wata huɗu.

Na bi ƙa'ida. Da farko na auna zafin jiki, babu zazzaɓi. Sannan na duba gudawa da amai, babu. Da na ɗaga yaron sai wuyansa ya langaɓe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Fatar idonsa ta sauko, kukansa bai fi na ɗan kyanwa ba. Na sa yatsa a bakinsa, ya kasa tsotsa. Yaro mai zazzaɓi na san ta inda zan kama shi, wannan kuwa jikinsa ba zafi amma yana tafiya.

Na ce, "Baba, me yake ci?"

Ya ce, "Nono kawai, Malama."

Dije ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ga suruki a tsaye, ba za ta buɗe baki a kansa ba. Ina cire masa riga sai na ga kiyashi a wuyan rigar, wurin kuma yana danƙo. Na ce wa dattijon ya jira a waje.

Na ce, "Dije, ajiye kunya. Me ake sa masa a baki?"

Da ƙyar ta ce, "Zuma ce. Baba ke lasa masa kowace safiya tun ranar suna. Da ya daina bayan gida sai aka ƙara, wai ta warware masa ciki."

Na kira Malam Sale na yi masa maganar zumar. Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Abinci kika tambaya. Zuma ai magani ce. Kuma ba ta kasuwa ba ce mai sukari, daga amyata na ɗebo da hannuna."

Na ce, "Baba, ban ƙi ba, magani ce gare ni da kai. Amma akwai ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta, komai kyanta, ko an tafasa. Hanjin babba yana fin ƙarfinta. A hanjin jariri takan tsiro ta saki dafi, jiki ya saki daga sama zuwa ƙasa. In ya kai ƙirji, numfashi ne zai tsaya."

Ya dubi ƙirjin yaron.

Na hana a ɗura wa yaron ko ruwa, don zai iya shaƙewa. Aka samo mota, na shiga da su. Daga Kahu har Rano tafin hannuna yana kan ƙirjin Habu. Duk ramin da muka faɗa sai in daina jin motsinsa, in jira, in jira, sannan ya ɗago. Dije ba ta kalli ɗanta ba, fuskata take kallo.

Likitan Rano ya saurare ni, ya ce shi ma zumar yake zargi, ya tura su Kano nan take. Can aka sa wa Habu roba ta hanci don abinci, aka taimaka masa da numfashi. Ya daɗe a kwance kafin ya fara tsotsa.

Bayan an sallame su Malam Sale ya zo da kansa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malama, yaushe zan ba shi zuma?"

Na ce, "Sai ya cika shekara."

Ya ce, "Ni ko ya fara gemu sai na zo na tambaye ki."

Ku da kuke kan aiki yanzu, ku riƙe wannan. Mutanenmu ba ƙarya suke yi mana ba, abin da muka tambaya suke amsawa. Kada ku tsaya a "me yake ci". Ku ce, "Me ake sa masa a baki?" In suruki na tsaye, ku fitar da shi tukuna.