Jan Gam a Injin Wofa Gyamfi

A Suame, unguwar makanikai, inda ƙarar guduma ke hana mutum jin kukan cikinsa, kowa ya san Kwaku Duah da abu biyu. Ba ya dariya baki buɗe, don sifana ta taɓa kuɓucewa ta kwashe masa haƙoran gaba, kuma ba ya taɓa jan gam ɗin nan na liƙe inji. In ka kawo masa injin da wani ya lafta wa gam a bakin gaskit, takardar da ke hana inji yoyo, sai ya dube ka kamar ka kawo masa mushe a faranti.

Ƙiyayyar ba tasa ba ce, gadonta ya yi. Yana ɗan tsurut uwarsa ta sauko da shi daga Mampong, ta damƙa shi a hannun ƙanenta, Wofa Gyamfi bakanike, ta ce a mayar da shi mutum. Wofa ya mayar da shi, amma da bulalar fanbel. Karatun farko shi ne yankan gaskit: a shimfiɗa takarda a kan ƙarfen, a bi gefe da 'yar guduma, ƙwas ƙwas ƙwas, har ta yanke kanta. A shafa giris kaɗan, a ɗaure noti a hankali, ɗaya nan ɗaya can. Gam kuwa, a faɗar Wofa, aikin malalata ne. Ka matse shi, rabi ya fito waje yana yi maka murmushi, rabi ya faɗa ciki ya toshe hanyar baƙin mai, injin ya mutu a tsakiyar hawa da iyalin mutane a ciki. Ranar da ya kama Duah da bututun gam a aljihu, ƙeya ce ta amsa tambayar. Duah ya yi aure, ya yi tumbi, ya yi furfura, ƙeyar nan ba ta manta ba.

Wofa yana da wata tsohuwar Fijo fara, wadda da ita ya ɗauko amaryarsa, Maame Konadu, tun ana ganin ƙugunta. Da ya tsufa, ya sauke injin zai sabunta shi, ya yi wa matar alkawarin zai kai ta gida a ciki. Ya warwatse injin a kan tebur, ya zauna a benci ya ce bari ya ɗan huta. Hutun ke nan.

Aka kai shi Mampong aka binne. Dangi suka zauna, kuma tunda a wurinmu ɗan 'yar'uwa ke gado, Duah ya tashi da takalman Wofa, da garejinsa, da motar, da nauyin kula da tsohuwar. Da shekara ta kusa zagayowa, lokacin da za a buɗe ginin kabari ita kuma ta cire baƙaƙen kaya, sai ta aika a kira shi.

"Kwaku, kawunka ya ce zai kai ni a farar motar nan. Tunda ya zame ya bar ni da magana, kai da ka sa takalminsa sai ka cika masa."

"Maame, ga motoci masu sanyi, sai in samo miki ɗaya."

"Ka shiga mai sanyin kai da tumbinka. In ba waccan ba, a buɗe kabarin ba da ni ba, in zauna da baƙin zanena har in bi shi."

Duah ya haɗa injin yadda aka koya masa. Ya tayar, ya yi ƙara mai daɗi. Da ya leƙa ƙasa sai ga baƙin mai yana ɗiga daga kusurwar baya, wajen farantin da man ke kwanciya. Ya sauke, ya yanki sabon gaskit, ya mayar. Ɗigon ya dawo wurinsa, kamar wanda ya je fitsari.

Afrakoma mai sayar da kayan gyara a rumfar da ke kallonsa ta ƙetaro, ta ajiye masa bututun jan gam a kan tebur.

"Masta, motar nan fa tsohuwa ce kamar ni. Ba a hana tsohuwa yoyo da fatar baki."

"Ɗauke kayanki, Sista, kafin mai wurin ya gani."

"Wane mai wuri? Wanda muka ci shinkafar jana'izarsa?"

Ta yi dariyarta ta tafi, ta bar bututun. Duah bai yi dariya ba, don shi ya san abin da yake ji. Da tsakar rana, in maƙera sun ajiye guduma sun tafi cin fufu, wurin ya yi tsit, sai ya ji ƙwas ƙwas ƙwas daga bayan rumfa, inda babu kowa sai tarin tsofaffin tayoyi. Bencin da Wofa ya zauna a kai, ko kaza ba ta hawa. Sau ɗaya ya miƙa hannu wajen bututun, ya ji gyaran murya dab da kunnensa, ƙeyarsa ta ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi. Ya janye hannun, ya ce, "Wofa, ƙura nake sharewa."

Ana jibi tafiya, ya sake sauke farantin. Wannan karon ya jawo gangar injin waje cikin rana, ya kifa ta, ya wanke kusurwar da fetur har baƙin dattin shekaru ya narke. Sai ja ya bayyana. Akwai ɗan rami a jikin ƙarfen, wani ya cike shi da gam tun da daɗewa, gam ɗin ya bushe ya yi tudu, shi ke hana sabon gaskit zama. A gefen da ya malalo waje an danne shi da babban yatsa, zanen yatsan ya fito raɗau, da wani tabo da ya raba shi biyu.

Duah ya san tabon nan. Ƙeyarsa ma ta san shi.

Ya daɗe a tsugune. In ya kankare, ya goge abu na ƙarshe da hannun Wofa ya bari a duniya. In ya bari, mai zai tsiyaye a hawan Mampong da tsohuwa a baya. Ya je ya kamo hannun Maame Konadu, ya kawo ta gareji a hankali, ya nuna mata.

Ta sunkuya, ta ɗora yatsanta a kan zanen. "Munafuki," ta ce. "Shi ya sa wata shekara ya dawo da jan abu a farce ya ce mini manja ne."

"Maame, dukan da na sha fa?"

"Ka sha don ba ka iya sa kaɗan ba. Cire mini shi, kada ka yaga."

Ya sa reza ya ɗago shi ɗungurungum, kamar ɓawon albasa. Ta ƙulle shi a bakin zanenta. Duah ya tsiyaya barasa a ƙasa, ya kira sunan Wofa, ya ce, "Na gani. Ka yi haƙuri, zan yi irin naka." Ya buɗe bututun Afrakoma, ya ɗiga abin da bai kai ƙwayar wake ba a cikin ramin, ya danna da babban yatsansa. Ya tsaya yana jiran ƙeya. Ƙeyar ba ta ɗauki zafi ba.

Ran Asabar Fijo ta haye Mampong ba ɗigo, Maame a baya, hannunta a kan ƙullin zane. Ta dawo da fararen kaya.

Duah na nan a Suame, yana zagin masu gam fiye da da. Bututun yana cikin takalmin Wofa, a ƙarƙashin benci. Ƙwas ƙwas ɗin bai daina ba, sai dai yanzu in ya ji, ba ya waiwayawa. Yakan ce, "Na ji, Wofa. Kaɗan na sa."