Mai Riƙe Ƙofa a Toledo

Ana tsakiyar zafin Yuli a birnin Toledo, amma wani mutum da ke bakin ofishin sa ido kan waɗanda kotu ta saka bisa sharaɗi ya jibga fararen singileti har uku. Mu 'yan unguwa mun san karatun: fari kaɗai ake bari a shiga da shi kurkuku. Takalminsa ba igiya, ga lambar waya rubuce da biro a damtsensa, don a can ƙwace igiya da waya ake yi. Ina jin ranar zuwansa ya tsallake, alƙali ya ba da takardar kamu, yanzu duk ɗan sandan da ya buga sunansa a kwamfuta zai gani.

Yana riƙe da ƙofa, kowa ya zo sai ya ce, "Shige, yallaɓai."

Na ce, "Ɗan'uwa, gadi ka samu ne, ko sanyi kake ji?"

Ya yi murmushi iya leɓe. "Babban yaya, in na shiga su rufe ni, aikina ya tafi. In na koma gida, su ɗaure ni gaban 'yata."

Wata tsohuwa ta taho tana dogara sanda, ya ƙara wangale mata ƙofar, ƙafarsa ɗaya ciki, ɗaya waje.