Danjar Mota a Ƙofar Gidan Baffa

Kwana uku kafin ranar, wani maƙwabcina a Kazaure ya tare ni ya ce, "Malam, danjar motarka fa ba ta mutuwa." Na zagaya na duba. Mota a kashe, makulli a aljihuna, amma jajayen fitilun birki suna ci kamar akwai wanda ya danne birkin da ƙafa. Maimakon in kai ta wurin mai gyara, sai na ƙirƙiro dabara irin ta malalaci: duk inda na tsaya in buɗe bonet in cire kan batir. Har ina yaba wa kaina.

A lokacin mahaifina yana kwance a ƙauyenmu da ke gefen Roni. Da safiyar wata Laraba ya riƙe hannuna ya ce in je Kanya Babba in ɗauko masa wansa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba sa ga maciji, a kan wata tsamiya da ke iyakar gonar gado, wadda mahaifina ya sare ba tare da shawara ba. Ya ce, "So nake in nemi gafararsa da bakina. Kada ka daɗe."

Na isa ƙofar gidan Baffa da hantsi. Yana zaune a gindin darbejiya da dattawa uku. Na kai hannu zan ja abin buɗe bonet, sai kunya ta kama ni. Yaya zan zo gaban mutumin da ya daɗe yana cewa ɗan ƙaninsa ba ya iya riƙe komai, in fara da kwance mota a ƙofar gidansa? Na ce a raina ai minti goma ne. Na bar ta haka, na cire takalmi na durƙusa.

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Can ya ce, "Ya mai jikin?"

Na ce, "Da sauƙi, Baffa."

Haka aka koya mana. Ko mutum yana shure-shuren ƙarshe, da sauƙi ake cewa, kuma a gaban baƙi ba a fasa maganar gida. Na ɗauka zuwana da kaina, ranar aiki, ya isa ya gaya masa komai. Na ce mahaifina yana son ganinsa. Ya gyaɗa kai, sannan ya kalli motar ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "To, a kawo wa baƙo fura."

Aka kawo fura. Aka kawo tuwo. Ya shiga labarin gero da ruwan bana, ya aika a kira wani makiyayi a kan maganar shanun da suka shiga gonarsa, ya saurari kowane ɓangare a tsanake kamar alƙali. Ni kuwa ina zaune ina jira. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu ya ɗaga mini hannu. Haushinsa ya cika ni har na manta da mota gaba ɗaya.

Sai bayan azahar ya sa babbar rigarsa. Da muka nufi motar ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ka bar wuta a kunne don in san kana sauri, ko? Ubanka ma haka yake. Ni ba a yi mini haka a ƙofar gidana."

Ashe abin da ya gani ke nan. Awa huɗu yana koya mini ladabi a kan wutar da ban kunna ba.

Na murɗa makulli, mota ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Batirin dama tsoho ne. Motar kuma otomatik ce, turi ba ya tada ita. Na hau acaɓa na zagaya gari har na samu wani mai gyaran wutar mota a bakin tasha, dattijo mai furfura, ya biyo ni da batir a kan cinyarsa. Bai ko kalli fitilun ba. Ya durƙusa ta wajen direba, ya shafa tabarmar ƙasa, ya tsinto wasu ƴan gutsattsarin roba ya zuba mini a tafin hannu.

Ya ce, "Ga ɓarawonka. Robar nan ce ke danne makunnin wutar idan ka ɗaga ƙafa. Ta tsufa ta farfashe, shi ya sa makunnin yake leƙawa ta cikin rami, wuta ba ta mutuwa."

Ya laluba aljihu ya fito da kwabon sefa, kuɗin Nijar, irin wanda ke yawo a hannun ƴan kasuwar Babura, ya ɗiga masa gam ya manna a kan ramin. Danja ta mutu nan take. Gyaran da na yi kwana uku ina gudu bai kai minti biyar ba.

Yana ɗaura batir wayata ta yi ƙara. Yayata ce. Na koma bayan motar na ɗauka. Ba ta yi magana mai tsawo ba, ni ma ban yi ba. Na tsaya na yi salati a hankali, na goge fuskata da hular kaina, na dawo na buɗe wa Baffa ƙofa.

Ban gaya masa ba. Har yau ban san ko tausayi ne ko tsoro ba. Muka wuce Kazaure, sai da muka kama hanyar Roni, duwatsu suka fara bayyana, bakinsa ya buɗe. Ya ce tsamiyar nan ai dama ta fara ruɓewa daga ciki, ya sani tun a lokacin. Ya ce shi ya goyi mahaifina a bayansa ranar da mahaifiyarsu ta rasu. Sannan ya dafa gwiwata.

"Idan mun shiga, kada ka bar shi ya fara magana. Ni ne babba, ni ya kamata in je tun tuni. Ka ji ko?"

Na ce, "Na ji, Baffa."

Da muka karya kwanar gidanmu, tabarmi ne shimfiɗe a ƙofar gida, maza zaune jere, wasu biyu suna jingine makara a bangon zaure. Na tsayar da mota. Baffa bai motsa ba. Hannunsa na kan gwiwata har yanzu.

Ya ce, "Wayar nan ta ɗazu ce?"

Na ce, "Ita ce."

Sai ya ce, da muryar da ban taɓa jin sa da ita ba, "Da ka ce mini jiki ya yi tsanani, ɗana, wallahi ko takalmi ba zan tsaya sawa ba."