Subiyar Sitti Rabi ta ƙarshe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ɗaura igiyar takalmi zan tafi madrasa, Ummi ta shigo da waya a hannu ta ce Sitti Rabi ta rasu a asibiti. Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya. In hau bene, in sauko. Wannan ma na rubuta na goge, na sake rubutawa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce tsohuwar da ke ƙasan gidanmu a unguwar Madain Fahd, mai subiya, abin shan nan da ake yi da jiƙon sha'ir da burodi. Ba kakata ba ce ta jini, amma duk layinmu Sitti muke ce mata, wato kaka. In kun taɓa buɗa baki da farar subiya mai ƙamshin hel, ɗan yajin nan da ake sa wa gahawa, a kwalba mai jan murfi, to tata ce.

Kun san ni, ba na iya magana cikin mutane. A kicin ɗinta nake ɓuya da novel in Ummi ta fara faɗa. Ba ta taɓa kai ƙarata ba. Sai dai ta leƙo, ta dubi littafin ta ce, "Har yanzu ɗan banzan bai aure ta ba? Ajiye shi, yalla, ga kwalabe."

Wankin kwalabenta kuwa, ya Allah. Ruwan zafi, buroshi har gindi, a kife su a rana, murafu daban. Sannan ta ɗaga kowacce ta kalli haske ta cikinta, ta shinshina. Ƙyallen da take tacewa da shi in ya fara sauya kala, sai shara.

Na taɓa cewa, "Sitti, ai kwalbar a wanke take."

Ta ce, "A idonki."

Daga baya ta gaya min dalili. Tana amarya a unguwar Ammariyya, zamanin da ake sayen ruwa wurin masu jakuna, firji sai gidan masu hali, a randar mahaifiyarta take jiƙa sha'ir da busasshen burodi. Randar ta yi ɗan tsagu. Ta gani, ta ƙi rabuwa da ita don ta uwarta ce. Ashe tsohon jiƙo yana maƙalewa a tsagun. Wani azumi kwalabe suka riƙa tashi da kumfa a gidajen mutane, wata ma ta fashe a gaban maƙwabta ana jiran kiran magariba. Aka fara raɗa wai Rabi giya take yi.

"A garin nan fa, ya binti, 'yata. Kin san abin da kalmar nan za ta jawo wa mace a garin nan?"

Da taɓarya ta fasa randar, da hannunta.

Ganina da ita na ƙarshe makon jiya ne. Ta gama sabon jiƙo a barmil ɗinta, wato durom na roba, sai ta shafa bakinsa ta ciki, ta kama yatsana ta ɗora a wurin. Duk ya karce.

"Kin ji? Wannan ya gama aiki. Ban yarda da jiƙon nan ba. Ki dawo mu shinshina tare. In ya juya, mu zubar, barmil ɗin ma ya bi shi."

Washegari aka kai ta asibiti. Barmil ɗin yana nan a rufe cikin zafin nan, ba wanda ya tuna da shi.

Yau bayan an kai ta makwancinta, gida ya cika da mata. Khala Amina, 'yar Sitti, ta buɗe shi ta ce a tace, a zuba a kwalabe, a raba wa masu ta'aziyya, tunda shi ne na ƙarshe daga hannun mahaifiyarta. Kowa sai "Masha Allah, sadaka ce."

Ina tsaye jikin ƙofa warin ya doke ni. Tsami mai hawa hanci, ga kumfa a sama.

A novel yarinya miƙewa take ta yi magana, kowa ya yi tsit. Ni fita na yi. Na dawo. Na sake fita. Kafin in dawo har an fara jera kwalabe.

Na ja gefen abayarta. "Khala."

"Na'am, Safiyya? Miƙo min sukari."

"Khala, ya juya."

"Me? Ɗaga murya mana, ke kullum kamar sauro."

"Ya juya. Sitti ta ce in ya juya a zubar."

Wata tsohuwa da ban sani ba ta ce, "Haram alaiki, abin mamaciya za a zubar? A ƙara sukari da hel, halas, shi ke nan."

Na ce, "In aka sha wannan, shi za a tuna."

Khala ta kalle ni. Ta sunkuya ta sa hanci a bakin barmil ɗin, ta daɗe a haka. Da ta ɗago ta share ido da bayan hannu, ta ce, "Kama can."

Mu biyu muka kinkime shi zuwa makwarara, yana zuba a kan ƙafafunmu. Tana zubarwa tana kuka, ni ma haka. Barmil ɗin yanzu yana gefen kwandon shara, ta hana kowa ɗauka.

Don haka masu zuwa ta'aziyya gobe, gahawa da dabino da ruwa za ku samu. Don Allah kada wanda ya tambayi Khala subiya. Wadda kuka sha a azumin bara, ku riƙe ta a haka.

Ya Allah, ka gafarta wa Sitti Rabi, ka yalwata mata kabarinta, ka shayar da ita daga Alkausara. Ka sanyaya zuciyar Khala Amina.

Duk wanda ya taɓa kurɓar abin hannunta, da wanda bai taɓa ba, ya sa ta a sujada yau. Ko amin ce ku bar mata a comment, zan karanta wa Khala.