Jan-Bakin da Na Kai Gonar Kawu

Kalgo, ƙarfe biyar da minti arba'in

Ina idar da sallar asuba ranar Alhamis na rataya jakar kyamara na fito, ko shayin da Hadiza maiɗakina ta dafa ban tsaya sha ba. Ta biyo ni har zaure tana cewa, "Ka dai faɗa musu gaskiya tun da wuri." Na ce to, ban juyo ba, don ban so ta ga fuskata.

Ga abin da ya fitar da ni. Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaida Kawu Altine, yayan mahaifiyata, a ƙauyenmu da ke bayan Dodoru. Na ɗauki gonarsa ta gero hoto, da sararin sama fes a kanta. Da na dawo Kalgo na buɗe hotunan a kwamfuta, sai na ga ɗige-ɗige baƙaƙe sun yi cincirindo a gabas, can sama da bishiyoyi. Ban yi wata-wata ba na tura wa zauren dangi na waya, na rubuta: "Jan-baki sun iso, a faɗa wa Kawu." Duk manomi a ƙasarmu ya san tsuntsayen nan, in suka sauka a gona da safe, kafin azahar sai kara. Kawu ya kira gayya, ya ce ranar Alhamis za a girbe geron, ko da yake saura masa kamar mako biyu ya ƙosa.

Sai jiya Laraba da la'asar, ina gyara hotunan wani suna da na ɗauka a cikin ɗaki, na ga tsuntsayen nan nawa a jikin farin bango, saman kan liman, a daidai kusurwar da suke a hoton gona. Ƙura ce ta shiga cikin kyamarar. Na kira Sahabi ɗan Kawu, taubashina, na ce a dakata da gayya. Ya yi dariya ya ce, "Kai da kac ce hoto bai ƙarya? An riga an jiƙa fura, Nasiru. Kwantar muna da hankali kaka so." Ya kashe waya.

Birnin Kebbi, shida da kwata

Daga bakin titin Kalgo na samu ƙaramar mota, naira ɗari bakwai, muka yi tafiyar kilomita goma sha biyar ko kusa da haka. A tasha na tarar da motar Gwandu saura mutum biyu. Na biya kuɗin kujera biyu don mu tashi, direba ya dube ni ya ce, "Lafiya dai, mai hoto? Ko amarya ka jiranka?" Na ce gona ce. Ya ce, "To ai gona ba ta gudu."

Bayan Ambursa muka tarar da shinge. Jami'in ya ga jakata ya ce in buɗe. Ya juya kyamarar, ya ce in ɗauke shi in har tana aiki. Na ɗauke shi, ya duba, ya ce me ya shafa masa baƙi a goshi. Na ba shi haƙuri. Ban gaya masa cewa jiya, bayan wayar Sahabi, na cire gilashin gaba na hura cikin kyamarar da bakina, na kuma goga da bakin rigata ba. Ɗige-ɗigen da na tarar suna nan, na ƙara musu wani dogon shafi kamar sawun katantanwa.

Gwandu, bakwai da minti hamsin

A nan ne na yi kuskure na biyu, kuma ya fi na farko. Masu kabu-kabun Dodoru suna tsaye a bakin tasha, ɗaya har ya tayar da mashin yana kirana. Na ce masa ina zuwa. Na gaya wa kaina cewa ba wanda zai yarda da ni sai na je da hujja, hoto mai tsuntsu da hoto marar tsuntsu. Gaskiyar magana kuwa kunya nake ji, ina neman abin da zai jinkirta tsayuwata gaban Kawu.

Na nufi shagon Alhaji Ɗantani, tsohon mai hoto tun zamanin wankin fim, wanda shi ya fara koya mini riƙe kyamara. Na same shi yana sharar ƙofa. Bayan gaisuwa na miƙa masa kyamarar, na ce tabo take sa wa hoto. Ya ƙuntata ƙofar hasken gilashin iya ƙuntatawa, ya ɗaga kyamarar ya ɗauki sama, ya faɗaɗa hoton ya daɗe yana kallo.

"Wanga ƙura ta, ka canza gilashi cikin iska," in ji shi. "Wanga kuma hwa? Wa yat tofa mata yawu?"

Na ce ni ne.

"Shekara nawa kana sana'ag ga?"

Na ce tara. Kallon da ya yi mini, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya rufe ƙofa, ya kashe fanka. Ya duba batir ya ga ya cika, ya ce in ya mutu ana tsakar aiki madubin ciki zai faɗo ya yi ɓarna. Ya ɗage madubin, farantin da ke ɗaukar hoto, wanda muke ce wa sensa, ya bayyana. Ya kifa bakin kyamarar ƙasa, ya matsa 'yar robar hura iska sau biyar ko shida ba tare da ta taɓa komai ba. Ya sake ɗaukar sama. Rabin tsuntsayena sun tashi. Sauran da yawuna ya manne sai da ya fasa sabon tsinken goge sensa mai faɗin baki, ya ɗiga masa ruwan wanki ɗigo biyu, ya ja sau ɗaya daga hagu zuwa dama, ya juya ɗaya gefen ya dawo, ya jefar. Sai da aka kashe tsinke uku. Ni kuwa idona na kan agogon bangonsa, tara saura kwata, tara, tara da minti ashirin.

Hoton ƙarshe ya fito shuɗi tas. Ya karɓi dubu huɗu kuɗin tsinkayensa, ya ƙi karɓar ladan aiki. Da na ba shi labarin gayya sai ya ajiye robar ya ce, "Kuma kana nan zamne tun ɗazu? Tashi!"

Hanyar Dodoru, tara da rabi

Mai kabu-kabu ya ce dubu da ɗari biyar, ban yi ciniki ba. Ruwan shekaranjiya ya cinye hanya, sau biyu ina sauka muna tura mashin a taɓo. Duk tsawon tafiyar kaina na sama ina duban sararin. Wallahi har addu'a na kama kaina ina yi Allah ya kawo ko ɗan garken jan-baki ne, don kada in zama maƙaryaci. Da na tuna gonar wa za su ci, na yi istigfari. Ban ga komai ba sai balbelu uku.

Gonar Kawu, goma da kwata

Tun daga nesa na ji kiɗan gangar noma. Mutum sun fi ashirin, sun shiga ta gabas, gefen da na ce tsuntsaye na tafe, sun kwantar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na gonar. Sahabi ne ya fara hango ni, ya ɗaga murya: "Ga Sarkin Tsuntsaye nan ya iso!" Aka yi dariya. Kawu yana zaune a gindin gawo da zangarniya ɗaya a hannu, yana murza ta, farin ruwa na fita daga tsabar.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Kawu, a tsai da aiki. Babu jan-baki. Ƙura ce cikin na'urata, ni na yi kuskure." Muryata ta fita ƙarama, sai da ya sa na maimaita da ƙarfi, mai ganga ya ji ya sauke hannu. Masu girbi suka juyo. Na ciro kyamara, na ce ga hoton da, ga na yanzu.

Kawu bai ko dubi inda take ba. Ya ɗaga hannu ya ce wa mutane su ajiye magirbi, su zo su sha fura. Sannan ya tambaye ni, "Yaushe ka iso Gwandu?"

Na ce takwas saura.

"Mu kau sai tara munka soma, muna jiran raɓa ta sha iska." Ya yar da zangarniyar. "Ina ruwana da hoto, Nasiru? Ba hoto niy yarda da shi ba tun farko, ban ko gane shi ba da anka gwada min. Ɗan ƙanwata anka ce ya ce. Da ka zaka kac ce ka janye, shi ke nan."

Na rasa inda zan sa kaina. Aka miƙo mini ludayi, na sha furar gayyar da ni na jawo. Na yini a gonar muna tsince zangarniyar da za ta moru. Mafi yawanta ba za ta shiga rumbu ba, sai dai a gasa tumu, saura a ba dabbobi.

Komawa gida

Bayan la'asar na yi sallama. Kawu ya sa Sahabi ya ɗaura mini ƙaramin dami na ɗanyen geron a bayan mashin ɗin da zai mayar da ni Gwandu. Na ce a bar shi, Kawu ya ce, "Tahi da shi, rabonka na. Bana tsuntsu guda yac ci gonata, shi kau ba a kora tai." Sahabi ya buɗe baki zai ƙara nasa, Kawu ya dube shi, ya haɗiye.

Na bar Gwandu biyar da rabi, na sauka Kalgo ana kiran isha'i, damin a kan cinyata tun daga tasha. Kafin in cire takalmi na rubuta wa zauren dangi cewa maganar jan-baki kuskurena ce, ni kaɗai. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhaji Ɗantani, na gode wa mutanen gayya da ba wanda ya ce mini uffan. Kawu kuwa ban san kalmar da zan gode masa da ita ba.

Hadiza ta gasa tumun da safe, ta ce yana da zaƙi. Ni ban iya ci ba.