Motar Yaya Bulus

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne yayana Bulus a Kagoma, kuma a watan nan ne na sayar da motarsa.

Lokacin da ya saye ta da ribar citta, motocin Koriya ba su da mutunci a Kafanchan. Masu hali ta Faransa ko ta Japan suke hawa. Tasa kuwa gwangwanin madara ake ce mata, wai damina ɗaya za ta gama da ita. Yaya bai iya gardama ba, sai ya yi murmushi ya duba mai.

Abin da ya sa aka daina dariya shi ne gawa. Mutanenmu ba sa barin nasu a birni, dole a kai shi ƙauye, direbobin haya kuma ba sa son wannan aiki. Yaya yakan ɗaura ɗanyen ganye a gaban motar, ya bi taɓon Manchok da na Fadan Kaje, 'yan zumuntar mata suna waƙa a baya. Ban taɓa jin ta tsaya da kowa a hanya ba.

Yau motocin Koriya sun cika titi, bakanikai suna yabonsu, ni ma irinta nake hawa. Da yana nan, na san ba zai ce ai ya faɗa ba. Tambayata zai yi ina tasa.

Ɗana yana son gina ɗaki a inda take ajiye, kuma babu mai sayen motar da ta ɗauki gawa sai masu sayen tsohon ƙarfe. Ni ne babba a gida yanzu, na yanke magana ban tambayi matar Yaya, Mama Saratu, ba. A zatona ta manta da ita. Ashe duk ranar Lahadi bayan sujada takan sa a tayar da injin.

Da suka zo da igiya, ta fito riƙe da makulli.

"Baban Rifkatu, ba sai kun ja shi ba," ta ce mini. "Yana tashi."

Murɗawa ɗaya ta tashi. Kunya ta kama ni, har yanzu ba ta sake ni ba. Iyalan da Yaya ya kai wa nasu gida suna ambatonsa da alheri, wannan ba zai gushe ba. Amma motar da ba ta taɓa ba shi kunya ba, da ƙafarta ta tafi wurin masu yanka ta, kuma ni na buɗe mata ƙofar gida.