Tekun da ke ƙarƙashin gidanmu

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, na dawo hutu daga makarantar horon malamai ta Sakkwato, kaina cike da boko har yana zuba. Ƙauyenmu na tsakanin Tambuwal da Kebbe. Na tarar mahaifina ya sa ana haƙa rijiya a bayan gida, don da rani mahaifiyata sai ta je rafi mai nisa ta tone yashi kafin ta cika tulu. Gammo har ya cinye mata gashin tsakiyar ka.

Aiki ya yi zurfi, sai mahaƙan suka ci karo da baƙin yumɓu, busasshe ƙayau, da ɓawon katantanwa da ya zama dutse. Suka fito suka naɗe igiya. Wai wurin na da masu shi, a cike ramin kawai.

Ni kuwa sabon shiga, ba a daɗe da koya mana darasin ƙasa da duwatsu ba. Na buɗe baki gaban dattawa na ce, "Baba, can da daɗewa teku ce a nan. Yumɓun nan kamar murfi ne, ruwa na cikin yashin da ke ƙasansa."

Wayyo, dariya! Wani tsoho har da riƙe ciki: "Teku a ƙasar Kebbe? Boko ya taɓa wanga yaro."

Mahaifina bai yi dariya ba. Ya ce, "Mi kac ce? Ka tabbata?"

Na ce, "Awo, Baba." Alhali a allo kaɗai na taɓa ganin abin.

Bawan Allah ya tuɓe riga, ya ɗauki dagi, ya sauka da kansa, da furfurarsa. Ni ke jan ƙasa a sama, mutane na wucewa suna tambaya ko mun kama kifi. Kwana da kwanaki muna haka. Wata rana da hantsi na jawo guga na ji ya yi nauyi, na duba, jiƙaƙƙen yashi ne. Mahaifiyata ta zo ta dafa yashin da hannu.

Na koyar da darasin nan shekaru masu yawa, amma wallahi ban taɓa ganin ƙarfin hali irin na mutumin nan ba. Da girma ya kama shi na tambaye shi ko dai ya yarda da batun teku tun ranar.

Ya ce, "Wace teku? Har gobe ban yarda ba. Ɗana ya yi magana gaban mutane, shi yas sa nika haƙa."